Ma'anar "ƙari da ragi" a ƙwallon kwando, da yadda ake auna gudummawar 'yar wasa da shi

Duk wanda ya duba takardar sakamakon wasa a gasar ƙwallon kwando ta mata ta Amurka, wato WNBA, zai ga cewa a gaban sunan kowace 'yar wasa akwai jerin alƙaluma: mintocin da ta yi a fili, makin da ta ci, ƙwallayen da ta cafe bayan jifa ya kuskure kwando, da waɗanda ta miƙa aka ci da su. Daga cikin layukan akwai wani mai ɗauke da alamar +/-, wanda masu kallo da dama ke wucewa ba tare da sun kula da shi ba. Wannan layi shi ne ƙari da ragi, kuma ya bambanta da sauran domin ba abin da 'yar wasa ta yi da hannunta yake ƙirgawa ba. Abin da yake nunawa shi ne yadda ƙungiyarta ta kasance a lokacin da take cikin fili.

Lissafinsa ba shi da wuya. Ana ɗaukar makin da ƙungiya ta ci a mintocin da 'yar wasan take ciki, a debe makin da abokan hamayya suka ci a waɗannan mintoci. A ce an sako ta ana cin ƙungiyarta 24 da 20, aka fitar da ita ƙungiyar tana kan gaba da 41 da 36. A tsakanin nan ƙungiyarta ta ci maki 21, aka ci ta 12, saboda haka za a rubuta mata +9, ko da kuwa ita kanta ba ta jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Idan an sake sako ta daga baya, sai a haɗa sabon lissafin da na farko. Asalin wannan ma'auni daga wasan hoki na ƙanƙara yake, inda gasar NHL ta Amurka da Kanada ta fara ajiye shi a hukumance a kakar 1967 zuwa 1968, kafin daga baya masu nazarin ƙwallon kwando su ɗauke shi.

Dalilin da ya sa ake buƙatarsa yana cikin yanayin wasan kansa. Mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, ƙwallo kuma ɗaya ce, wanda ke nufin a kowane lokaci huɗu daga cikin masu kai hari suna aiki ba tare da ƙwallo a hannunsu ba. Akwai wadda aikinta shi ne ta tsaya cak kamar katanga a gaban mai tsaro domin abokiyar wasanta ta samu ta kuɓuce. Akwai wadda ke tsayawa can a kusurwa, wadda saboda an san hannunta a jifan maki uku dole a bar mai tsaro ɗaya a kanta, sai hanya ta buɗe a tsakiya. Akwai kuma wadda ke tare babbar 'yar wasan abokan hamayya da jikinta a gindin kwando domin wata ta cafe ƙwallo cikin sauƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ke da layi a takardar sakamako. Ta fuskar tsaro abin ya fi haka tsanani, domin ana rubuta ƙwacen ƙwallo da tare jifa, amma ba a rubuta jifan da mai kai hari ta fasa yi saboda ta ga babu hanya, alhali sau da yawa wannan ne mafi kyawun tsaro.

Wasa na huɗu na zagayen ƙarshe na kakar 2023 ya nuna irin wannan aiki a fili. Las Vegas Aces ta shiga wasan ba tare da Chelsea Gray da Kiah Stokes ba, dukansu sun ji rauni a ƙafa, ga Candace Parker ma ta daɗe tana jinya. Mai horarwa Becky Hammon ta fara wasan da Alysha Clark, wadda a wannan kaka ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yan benci, kuma ita ce ta ɗauki kaso mai yawa na tsaron Breanna Stewart ta New York Liberty, gwarzuwar gasar a shekarar. Stewart ta jefa ƙwallo sau 17, uku kacal suka shiga, Aces ta yi nasara da ci 70 da 69 ta ɗauki kofi. Wanda ya karanta layin maki zai ga 24 a gaban sunan A'ja Wilson ta Aces, kuma ta cancanci yabon da ta samu, sai dai jifa 14 da Stewart ta ɓarar an rubuta su ne a gaban sunan Stewart, ba a gaban sunan waɗanda suka takura mata ba.

To amma ƙari da ragi yana da ruɗi, musamman idan aka ɗauke shi daga wasa guda. Lamba ce da mutum biyar suka yi tarayya a kanta, aka rubuta wa kowace a matsayin tata. 'Yar wasa mai matsakaicin ƙarfi wadda kullum ake sakowa tare da taurarin ƙungiya za ta riƙa samun ƙari mai yawa, ita kuwa ƙwararriyar da aka ɗora wa jan ragamar 'yan benci, ko wadda ke wasa a ƙungiya mai rauni, za ta riƙa kwasar ragi ba don ta gaza ba. Akwai kuma sa'a: abokan hamayya na iya jefa maki uku sau uku a jere cikin minti biyu duk da an tsare su yadda ya kamata, sai maki 9 su hau kan duk wadda ke fili a lokacin.

Saboda haka masu nazari suka yi wa ma'aunin gyare-gyare. Suna lissafa shi a kan kowane hari 100 maimakon kowane wasa, domin ƙungiya mai saurin wasa da mai jan ƙafa su zama daidai a awo. Suna kwatanta yadda ƙungiya take idan 'yar wasa tana ciki da yadda take idan tana benci, kodayake wannan ma ya dogara da ƙarfin wadda ke maye gurbinta. Mafi zurfi shi ne lissafin da kwamfuta ke yi, wanda ke duba su wa take tare da su da kuma su wa take fuskanta a kowane minti, sannan ya ware mata kasonta. Irin wannan lissafi yana buƙatar mintoci masu ɗimbin yawa kafin a amince da shi, kuma a nan WNBA take da matsala ta musamman. Wasanta minti 40 ne, kakar 2023 da ta 2024 wasanni 40 ne kowace, wato ko 'yar wasa ba ta taɓa zama a benci ba mintocinta ba za su wuce kimanin 1,600 ba, alhali a gasar maza ta NBA, mai wasanni 82 na minti 48, adadin ya kusa 4,000. Ga shi kuma masu horarwa kan dogara da 'yan wasa bakwai ko takwas, waɗanda kusan kullum tare suke shiga, sai ya yi wuya a raba tasirin wannan da na waccan.

A ganina, babban kuskure shi ne a auna 'yar wasa ba tare da an fara tambayar wane aiki aka ba ta ba. A kakar 2024 Caitlin Clark ta Indiana Fever ta miƙa ƙwallaye 337 da aka ci da su, adadin da ya kafa tarihi a lokacin, kuma a kakar ce ta ɓarar da ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya sau 223, shi ma tarihi. Lambobin biyu daga tushe ɗaya suke: ita ce ke riƙe da ƙwallo a mafi yawan hare-haren ƙungiyar. Ba daidai ba ne a kwatanta ɓarnarta da ta wadda aikinta shi ne ta karɓa ta jefa nan take. Haka nan babbar 'yar wasan da aka ajiye domin tsare gindin kwando, idan ta tashi wasa da maki biyu, ba a nan za a nemi gudummawarta ba. Sai a duba yawan ƙwallayen da abokan hamayya suka ci a kusa da kwando tana ciki, a kwatanta da lokacin da take waje, sannan a koma ga bidiyon wasan a ga ko ita ce sanadin bambancin ko kuwa wadda ke tsaye kusa da ita.