Cinikin Manhaja: Tsakanin Manyan Kamfanoni da Ɗaiɗaikun Mutane

Cinikin manhaja ya kasu gida biyu: sayar wa mutum ɗaya da zai sa a wayarsa ko kwamfutarsa, da sayar wa babban kamfani mai dubban ma'aikata. Tushen bambancin shi ne wanda ke yanke shawara. Mutum ɗaya shi ne mai so, shi ne mai biya, shi ne kuma mai amfani. A kamfani kuwa, wanda ya sa hannu a kwangila ba lallai ne ya taɓa buɗe manhajar ba.

Kasuwar kamfanoni ce ta fara kafuwa. A 1969 IBM, mai ƙera kwamfutoci, ta raba kuɗin manhaja da na injin kwamfuta, abin da ya buɗe wa wasu ƙofar sayar da manhaja. Tsofaffin ma'aikatanta biyar suka kafa SAP a Jamus a 1972, sai Oracle ta biyo baya a Amurka a 1977, dukansu masu sayar wa kamfanoni manhaja.

Cinikin mutum ɗaya ba ya ɗaukar lokaci. Farashi a rubuce yake, babu tayi babu ragi. Riba tana fitowa ne daga yawan masu saye, kuma mai kasuwar yana da nasa kaso: shagon App Store da Apple ta buɗe a 2008 ya fara ne da karɓar kashi 30 cikin ɗari.

A kamfani abin ya fi kama da neman aure, inda yardar yarinya kaɗai ba ta wadatarwa. Sashen da ke buƙatar manhajar zai ce yana so, masu kula da kwamfutoci su binciki tsaronta, lauyoyi su tsefe kwangila, sashen sayayya ya matsa a kan farashi, sannan mai riƙe da kasafi ya amince. Ko ɗaya ya ƙi, magana ta tsaya. Shi ya sa ciniki guda kan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma masu sayarwa kan ajiye wakilan ciniki da ake biya kamasho. Dokokin kare bayanai, kamar ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da ta Najeriya ta 2023, sun ƙara yawan tambayoyin.

Biyan kuɗi ma ba shi ne ƙarshe ba. Akwai girkawa, kwaso tsofaffin bayanai, horas da ma'aikata, da kuɗin kulawa na shekara-shekara, wanda a Oracle ya kai kashi 22 na kuɗin lasisi. Idan girkawa ta ɓaci, asarar ba ƙarama ba ce: a 1999 kamfanin cakulan Hershey ya kasa kai odar kusan dala miliyan 100 bayan sauya manhajar tafiyar da harkokinsa. Wannan wahalar ce ke hana kamfanoni sauya sheƙa, kuma ita ce, a gaskiya, ke sa manhajojin ofis da yawa su yi wuyar sha'ani ba tare da sun rasa kasuwa ba.

Daga baya iyakar da ke tsakanin kasuwannin biyu ta fara dusashewa. Salesforce, da aka kafa a 1999, ta yaɗa tsarin hayar manhaja ta intanet. Slack, manhajar aika saƙo tsakanin ma'aikata, da Dropbox, ta ajiye fayiloli a intanet, kuma suka shigo ta ƙasa: ma'aikata su fara amfani kyauta, idan sun yi yawa sai wakilin ciniki ya nemi shugabanni. A 2021 Salesforce ta kammala sayen Slack a kan kimanin dala biliyan 27.7.