Waiwaye: Yadda yabon sarakai a kan dutse ya zama madogarar tarihin Indiya

Muhawarar da ake yi a Indiya kan littattafan tarihi na makarantu, inda wasu ke ƙorafin cewa an fifita sarakunan Delhi da na Mughal aka taƙaita daulolin yankuna irin su Chola da Chalukya da Pala, tana yawan komawa ga rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsu da Sanskrit, tsohon harshen ilimi da adabi na Indiya. Masu muhawarar sukan ɗauke su tamkar hujjar da babu ja a cikinta, alhali raunin wannan hujja ya girmi muhawarar da ƙarnoni masu yawa.

Sananne ne cewa Sarki Ashoka ya sa an sassaƙa umarninsa a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, akasari da harshen Prakrit, kuma masanin Birtaniya James Prinsep ya warware haruffansu a 1837.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin da ya bayyana wajen shekara ta 150 bayan haihuwar Annabi Isa a Junagadh, cikin jihar Gujarat ta yau. A kan dutsen da ke ɗauke da umarnin Ashoka, Sarki Rudradaman, wanda kakanninsa 'yan ƙabilar Saka ne daga tsakiyar Asiya, ya sa aka rubuta yadda ambaliya ta fasa madatsar tafkin Sudarshana, shi kuma ya gyara ta da dukiyar baitulmalinsa ba tare da ɗora wa talakawa sabon haraji ko aikin tilas ba. Labarin gyaran madatsa ne, amma an rubuta shi da Sanskrit mai ado, aka cika shi da yabon jarumtar sarkin, da ƙasashen da ya ci, har da gwanintarsa a nahawu da kiɗa. Wannan shi ne dogon rubutun sarauta na farko da aka sani da Sanskrit mai irin wannan salo, kuma bayansa dutse ya ƙara zama dandalin kirari, kamar yadda maroƙin fada ba ya ambaton ranar da ubangidansa ya ja da baya.

Salon, wanda ake kira prashasti, ya bazu. A Aihole, a shekara ta 634, mawaƙi Ravikirti ya yabi sarkin Chalukya, Pulakeshin na Biyu, da karya Sarki Harsha na arewacin Indiya, ya kuma kwatanta kansa da shahararren mawaƙin Sanskrit, Kalidasa. Wannan nasara ta samu gaskatawa daga matafiyin nan na Sin, Xuanzang, amma ba kowane iƙirari ke da irin wannan shaida ba. A gwagwarmayar mallakar birnin Kannauj, daulolin Pala da Pratihara da Rashtrakuta kowacce ta rubuta wa kanta galaba.

A kudu, rubutun yakan rabu biyu, wato yabo da Sanskrit, sannan bayanin filaye da haraji da kyaututtuka da Tamil ko Kannada. Sashe na biyu ya fi nuna yadda ake mulki, ko da yake bai kai na farko farin jini ba. Rubutun Tamil na garin Uttaramerur, na shekarun 919 da 921 a zamanin sarkin Chola, Parantaka na Farko, ya bayyana yadda ake rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a ganyen dabino, a zuba cikin tukunya, yaro ƙarami ya zaro waɗanda za su kula da tafki da lambunan garin.