Me ake nufi da Auto-Tune, kuma me ya sa ake ce wa mawaƙi "ka rage"?

Ƙanena ya kwana uku yana ɗaukar waƙa a ɗakinsa. Ya rataya bargo a bayan ƙofa don kada sauti ya riƙa dawo masa, ya kashe fanka duk da zafin bazara, ya jira sai da janaretan maƙwabta ya yi shiru sannan ya fara rerawa. Da ya tura wa abokansa ta WhatsApp, mutum uku suka yi baki ɗaya: waƙa ta yi, amma Auto-Tune ya yi yawa. Ya same ni ransa a ɓace. "Yaya, wato dai nufinsu ban iya waƙa ba?"

Na ce ya zauna mu fara sanin abin da ake magana a kai.

Auto-Tune manhaja ce ta daidaita murya. Kamfanin Antares na Amurka ya fitar da ita a 1997. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi shekaru a harkar neman man fetur, yana nazarin sautin da ake turawa ƙarƙashin ƙasa ya dawo, kuma irin wannan lissafin ya juya kan muryar ɗan Adam. Yau sunan ya zama kamar Omo da Maggi: ko Melodyne aka yi amfani da ita, ko Pitcher na cikin FL Studio, ko AutoPitch na BandLab da yara ke latsawa a waya, duk Auto-Tune ake cewa.

Aikinta bai da sarƙaƙiya. Kowace waƙa tana da matakan sauti da aka gina ta a kai, abin da masu situdiyo ke kira ki. Idan mawaƙi ya ɗan gaza matakin ko ya ɗan zarce shi, manhajar sai ta ja muryar zuwa mataki mafi kusa. Inda magana take shi ne saurin jan. In aka bar ta tana ja a hankali, ba wanda zai ji an taɓa komai, kuma haka ake yi wa manyan mawaƙa a ko'ina. In aka mayar da saurin sifili, muryar ba ta ƙara zamewa daga wannan mataki zuwa wancan, sai dai ta yi tsalle, ta fito da wannan amo mai kama da na mutum-mutumi. Duniya ta fara jin sa sosai a waƙar mawaƙiyar Amurka Cher mai suna Believe a 1998, mawaƙin Amurka T-Pain kuma ya mai da shi tambarinsa tun daga 2005. A nan gida ma kunnenmu ya saba da shi ta waƙoƙin fina-finan Hausa, har wasu na ɗauka haka muryar take tun daga maƙogwaro.

Ni ba na ganin laifin mai son wannan amon, ado ne kamar kowane ado. Abin da ke damuna shi ne abin da yake cinyewa. Daɗin rerawar Bahaushe yana cikin jan murya da lanƙwasa ta, yadda mawaƙi zai sauko kan gaɓar ƙarshe a hankali kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono. Saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ka ji. Wannan saukowar ce manhajar ke ɗauka kuskure ne, ta yanka ta gunduwa-gunduwa.

To idan aka ce maka ya yi yawa, kada ka yi fushi, kada kuma ka ruga ka cire shi duka. Tambayi mai maganar a wane baiti ya ji. Sau da yawa ba yawan ba ne, ki ne aka saita ba daidai ba, sai manhajar ta riƙa jan muryar zuwa inda kiɗan bai je ba. Wani lokacin ƙarar fanka ce ko kiɗan da ya zubo daga abin kunne ya rikita ta, muryar ta kama rawa. Haka nan murya ɗaya take iya bi a lokaci guda, don haka in 'yan amshi uku suka rera a makirufo ɗaya, ba za ta yi musu komai ba sai ɓarna. Kuma ba ruwanta da wanda ya riga kiɗa shiga, ko ya haɗiye haruffa, ko numfashinsa ya ƙare a tsakiyar ɗango.

Da muka sake sauraron waƙar ƙanena, a baiti na biyu matsalar take. Ya ɗauko waƙar sama da inda muryarsa ke kaiwa, yana ta ƙoƙarin cimmata, manhajar na ƙarasa masa da ƙarfin tsiya. Ya sauke kiɗan mataki biyu, ya sassauta saurin, ya bar amon a amshi kaɗai domin a can yake son sa. Daren nan ya sake rataya bargonsa, ya ɗauki baitin sau bakwai, ya zaɓi na biyar.