Matsalar hannu da yawa: wa ke da alhaki idan manhaja ta cuci mutane?

Matsalar hannu da yawa suna ne da masana ɗa'ar aiki suka ba wani yanayi da kowa ya taɓa gani. A yi ɓarna babba, ga wanda aka cuta a fili, amma da an tashi neman mai laifi sai a rasa wanda za a nuna da yatsa, domin waɗanda suka sa hannu a aikin suna da yawa, kuma kowannensu ɗan guntu ya yi. Wani malamin kimiyyar siyasa ɗan Amurka, Dennis Thompson, shi ya raɗa wa abin suna a 1980, yana magana ne kan jami'an gwamnati, inda takarda ke bi ta tebur bayan tebur kafin a zartar da ita. A 1996 wata masaniyar falsafa, Helen Nissenbaum, ta kawo ra'ayin fagen kwamfuta, ta sa shi cikin abubuwan da ke hana a kama kowa da alhaki idan manhaja ta yi ɓarna. Yau maganar tana tasowa duk lokacin da matashi mai rubuta manhaja ya tsaya yana tambayar kansa: in karɓi aikin nan na kamfanin caca, ko na rance mai kuɗin ruwa, ko na makamai, ko na leƙen asirin mutane, tunda ni rubutu kawai zan yi a kwamfuta?

Bahaushe ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A gaban akushi haka ne. A wurin ɗaukar alhaki kuwa, yawan hannun shi ke sa kowa ya ga kamar lomarsa ba ta kai a lissafa ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Dubi manhajojin ba da rancen gaggawa da suka cika wayoyin 'yan Najeriya a shekarun nan. Mutum ya shiga matsi, ya sauke manhaja, ya karɓi 'yan dubbai, wa'adi ya cika bai samu ya biya ba. Washegari sai saƙo ya isa wayar surukinsa, da ta limamin unguwarsu, da ta maigidansa a wurin aiki, wai wane ɗan damfara ne, a yi hattara da shi. Akwai ma waɗanda aka yaɗa hotonsu da sanarwar mutuwa alhali suna raye. To, mu leƙa ofishin da aka haɗa manhajar. Yaro na farko aikinsa shi ne shafin da ke neman izinin shiga lambobin da ke cikin wayar mai rance. Layi kaɗan ne, kuma manhajoji barkatai na neman irin wannan izini. Na biyu ya rubuta ɓangaren da ke kwashe lambobin ya zuba su a rumbun bayanai. Na uku ya haɗa abin tura saƙo ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda, irin wanda makarantu ke sanar da iyaye ranar komawa da shi. Wani can daban, wanda ko kusa bai iya rubuta manhaja ba, shi ya tsara kalmomin cin mutuncin, wata ma'aikaciya kuma ta danna maɓalli. Ka tambayi kowannensu, amsar ɗaya ce: "Ni dai abin da oga ya sa ni na yi, ban zagi kowa ba." Kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai surukin ya riga ya karanta saƙon, kuma mutuncin da ya zube ba ya kwasuwa.

Hukumomi sun motsa daga baya. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu rance. A Maris ɗin 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. Tara dai kan kamfani take faɗawa. Tambayar da ta rage ita ce ta yaran nan uku.

A nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai yanayin da da gaske ba wanda ya hango ɓarnar. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar Kanada, ta ɗirka wa aƙalla majiyyata shida hasken da ya wuce kima, wasu suka mutu. Kuskure ne a cikin manhajar, ya haɗu da sakacin gwaji da cire wasu matakan kariya, kuma ba wanda ya zauna ya nufi kisa. Wannan matsalar hannu da yawa ce ta ainihi, maganinta kuma gyaran tsari. Akwai kuma yanayin da mutum ya san sarai abin da ake yi, amma ya fake da yawan jama'a. Yawancin tambayoyin karɓar aiki a masana'antu masu shubuha na wannan kashi na biyun ne, kuma a ganina mai rubuta manhaja ya fi kowa ƙarancin uzuri a cikinsa. Mai gadi ko mai shara na iya shekara a kamfani bai san me ake ƙullawa a ciki ba. Wanda aka ce ya rubuta umarnin da zai gano ɗan cacar da aka cinye ya yi zuciya ya daina, a tura masa kyautar kuɗin shiga don ya dawo, shi dole ne ya fahimci manufar kafin ya iya rubuta ta. Kwamfuta ba ta aiki da hannunka-mai-sanda, sai an fayyace mata komai, kuma mai fayyacewar ya sani.

Labarin da ya fi nuna haka shi ne na Jerome O'Hara da George Perez, masu rubuta manhaja a kamfanin Bernard Madoff na birnin New York tun farkon shekarun 1990. Madoff shi ne wanda asirinsa ya tonu a Disambar 2008, aka gano cewa kuɗin masu zuba jari, kusan dala biliyan 65 a rubuce, babu su, yana karɓa ne daga wannan ya biya wancan. Irin wannan damfara ba ta ɗorewa sai da takardu, kuma mutanen nan biyu su suka rubuta manhajojin da ke ƙirƙiro bayanan cinikin hannun jari da ba a taɓa yi ba, har da dabarar watsa lokuta da adadi don kada masu bincike su ga alamar shiri. A 2006 zuciyarsu ta tsinke. Kamar yadda hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta bayyana a ƙararta, sun yi yunƙurin goge mafi yawan manhajojin, sun kwashe kuɗaɗensu da ke ajiye a kamfanin, sun kuma tunkari Madoff suka ce ba za su ƙara yin ƙarya ba. Da a nan suka tattara nasu ya nasu suka tafi, da labarin ya sha bamban. Sai aka yi musu ƙarin albashi na kusan kashi 25 cikin ɗari, da kyautar sama da dala dubu 60 kowannensu, suka yi zamansu. A 2014 kotu ta same su da laifi, kowanne ya samu ɗaurin shekara biyu da rabi. Abin da ke tsaya mini a rai a labarin nan shi ne sun riga sun san gaskiya, sun faɗe ta da bakinsu, kuɗi ne ya zaunar da su. Ba wanda zai ce yawan hannu ne ya rufe musu ido.

Haka abin ya faru a Volkswagen. A Satumban 2015 aka gano kamfanin ya dasa wa motocin dizal kusan miliyan 11 wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi ta rage shi, da an hau titi kuma ta sake shi, har ya kan kai ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Injiniya James Liang bai kai shugaba ba, umarni yake bi, amma a 2017 aka yanke masa wata 40 a gidan yari.

Ga mai karatu Musulmi, wannan muhawara ba baƙuwa ba ce, malamai sun daɗe da warware gindinta. Aya ta biyu a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka. Hadisin riba bai tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu biyu. Na giya ya lissafo mutum goma, har da mai matsawa da mai ɗauka. Malaman Malikiyya kuma sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, duk da cewa inabi halal ne. Ma'aunin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne sani da kusanci: me ka sani, kuma yaya nisan aikinka da ainihin ɓarnar? Da wannan ma'auni za ka ga ayyukan ba su zama ɗaya ba. Wanda ke rubuta lissafin kuɗin ruwa a manhajar rance yana zaune ne daram a kujerar marubucin nan. Wanda ke kula da tsaron asusun ajiyar talakawa a banki don kada 'yan damfara su kwashe, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma saɓanin yana da fuska. Samuwar bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, ta ɗan faɗaɗa wa masu wannan sana'a zaɓi. Kamfanin caca kuwa ba shi da wani ɓangare mai tsabta da za a fake a ciki, domin duk abin da ka gyara, ko da saurin buɗewar shafi ne, amfaninsa shi ne a ƙara zuba kuɗi.

Makamai sun fi wuyar yanke hukunci, kuma bai kamata a yi gaggawa ba. A 2018 dubban ma'aikatan Google suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da wani aiki da kamfanin ya karɓa daga ma'aikatar tsaron Amurka, mai suna Maven, na amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance hotunan da jirage marasa matuƙa ke ɗaukowa. Wasu sun ajiye aiki, kamfanin kuma ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. Masu goyon bayan aikin suna da hujja: na'urar da ta fi iya bambance mayaƙi da farar hula tana iya rage kisan kuskure. Wanda ya tuna daren 3 ga Disambar 2023 a Tudun Biri ta jihar Kaduna, lokacin da jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi ya kashe aƙalla mutum 85, ba zai yi wa wannan hujja dariya ba. Masu adawa su ma suna da tasu: duk abin da ya sauƙaƙa harbi yana ƙara yawan harbi, kuma gobe idan aka yi kuskure za a ce na'ura ce ta nuna, hannu ya ƙara yawa ke nan. Ƙasa tana buƙatar tsaro, amma mai karɓar irin wannan aiki ya wajaba ya san wa zai riƙe abin da ya ƙera, kuma wa zai amsa tambaya idan ya faɗa kan bayin Allah.

Sai hujjar da aka fi ji: "In ban yi ba, wani zai yi." Sau da yawa gaskiya ce. Aikin Maven bai mutu ba, wasu kamfanoni sun ci gaba da shi, kuma a Fabrairun 2025 Google da kansa ya cire alƙawarin da ya ɗauka na ƙin amfani da ƙirƙirarriyar basira a makamai. Amma hujjar tana amsa wata tambaya ce daban. Tana gaya maka ɓarnar za ta auku ko da ba ka, ba ta gaya maka cewa in ka yi ba kai ka yi ba. Kuma ba kullum take cika ba, domin ƙwararru a wannan sana'a ba su da yawa kamar yadda ake zato, kamfanin da nagartattu ke gudu kuwa yana ji a jikinsa.

Hujjar da nake girmamawa ita ce ta talauci. Matashin da ya koyi sana'ar nan da kuɗin data na bashi da wutar janareta, iyaye da ƙanne na kallonsa, sai ga aiki daga waje ana biya da dala, ba daidai ba ne wanda ya ƙoshi ya tsaya yana yi masa wa'azi daga nesa. Lalura gaskiya ce. Amma lalura tana da gwargwado. Wanda ya shiga don ya tsira, yana neman ƙofar fita, yana ƙin ɓangarorin da cutarsu ta fito fili, ba ɗaya yake da wanda albashi ya ninku ya daina tambaya ba. Masu karɓar ƙananan kwangiloli ta intanet su ma su lura, don a can ne ake yanka aiki gunduwa-gunduwa har ba ka san wa kake yi wa ba. Idan aka ce ka haɗa shafin shiga mai kama da na wani banki sak, ko abin da zai tattaro lambobin waya ba da sanin masu su ba, aikin da kansa ya faɗi manufarsa.

Akwai kuma abin da ya bambanta wannan sana'a da ofishin gwamnatin da Thompson ya yi magana a kai: tana ajiye sawu. Kusan kowane kamfani na amfani da tsarin Git, wanda ke rubuta sunan wanda ya ƙara ko ya canza kowane layi, da rana da lokaci. Lokacin shari'ar kamfanin kuɗin kirifto na FTX a Oktoban 2023, masu gabatar da ƙara sun haska wa kotu ainihin layukan da aka ƙara a 2019, waɗanda suka ba kamfanin Alameda, wanda shi ma na mai FTX ɗin ne, damar ɗibar kuɗi fiye da abin da ke asusunsa, wato daga ajiyar abokan ciniki. Shugaban injiniyoyin kamfanin, Nishad Singh, yana cikin waɗanda suka rubuta su. Ya amsa laifinsa, ya ba da shaida a kan maigidansa Sam Bankman-Fried, kuma wannan haɗin kan ne ya sa alƙali bai tura shi gidan yari ba a 2024.