Waiwaye: Yadda Karin Magana Ya Koma Tambayar Cika Gurbi

Tun da aka sanar a 2022 cewa za a riƙa koyar da yaran firamare a Nijeriya da harshen uwa, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A cikinta ake yawan jin kukan cewa yaran yanzu ba su san karin magana ba, kuma akasari wayar hannu ake ɗora wa laifin. Ni a ganina matsalar ta girmi wayar nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Turawan mulkin mallaka sun tattara karin maganar Hausa don su koyi harshen mutanen da suke mulka: littafin Merrick ya fito a 1905, na Whitting a 1940, na Kirk-Greene mai ɗauke da guda 500 a 1966. Jeri ne, kowanne da lambarsa da fassararsa. A wancan zamani wannan bai rage yaro da komai ba, domin yana jin karin magana a bakin kakarsa, da dandali, da kasuwa, daidai inda ya dace a faɗe shi.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne Satumban 1976, watan da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Alheri ne babba, gidaje da yawa a nan suka fara samun ɗan boko. To amma azuzuwa suka cika maƙil, wasu ma a gindin bishiya, aka horar da malamai cikin gaggawa. Malamin da ke gaban yara tamanin ina ya ga lokacin tambayar kowa ra'ayinsa? Abin da zai iya shi ne ya rubuta a allo, yara su maimaita. Nan tsohon jerin Turawa ya samu gindin zama, domin ya fi sauƙin haddacewa, ya kuma fi sauƙin dubawa ranar jarrabawa: "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai ..." Wanda ya cike gurbin ya ci maki, ko da bai taɓa tunanin yaushe ake faɗin maganar ba.

Abin da ke damuna shi ne, karin magana da gardama aka san shi. Dattijo ya ce maka sannu ba ta hana zuwa, wani na gefensa ya ce ai da sanyin safiya ake kama fara. Duka biyun gaskiya ne, aikin mai sauraro ne ya gane wanne ya dace da halin da ake ciki. Da za a ajiye su gaban 'yan aji biyar a ce wanne za ku faɗa wa manomin da ruwan farko ya sauka bai yi shuka ba, kafin a kaɗa ƙararrawa an yi darasin tunani.

Yaran 1976 su ne suka zama malamai da iyaye daga baya, kuma yadda aka koya musu haka suka koyar. Sa'ad da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, shekara 25 ke nan ana cike gurbi.