Don Allah a daina sayen kafso na ɗari biyu

A makon nan mata uku suka kawo mini yara masu zawo, kuma da na tambayi abin da aka ba yaron a gida, amsa ɗaya na ji: "Ja da yalo guda biyu, Malama, muka fasa masa a koko." Ɗaya har ta ƙara da ragowar Flagyl ɗin da maigidanta ya sha tun damina. Iyayena mata, na san ba mugunta ba ce. Asibiti da nisa, ga layi, ga kuɗin mota. Amma wallahi na gaji da maganar nan.

Ja da yalo, wato kafson tetracycline, ba na ƙananan yara ba ne tun farko, yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Kuma yawancin zawon yara ba ya buƙatar kafso ko ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin cuta suna ba juna laƙani. Idan ɗaya ta samu dabarar jure wa magani, dabarar tana rubuce a wani ɗan guntun gadonta, kuma guntun nan ba ya zama wuri ɗaya. Yakan ɓalle daga inda yake ya maƙale a wani gefen, ko ya hau wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, ƙwayar ta miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba danginsu ɗaya ba. Masu bincike a Japan sun gano wannan miƙa wa juna laƙanin tun 1959 a jikin masu atuni. To kafso biyun nan naki, wa ya kashe? Ya kashe raunanan da masu amfani a hanjin yaro, ya share wa masu laƙani fili su hayayyafa su raba wa kowa.

Kada ku ɗauka tatsuniya ce. A 2016 taifot ya ɓarke a Haidarabad ta lardin Sindh a Pakistan, aka ba da Septrin, aka ba da Cipro, aka kai ga allurar ceftriaxone, duk ya ƙi ji. Da aka bincika sai aka tarar ƙwayar taifot ɗin ta karɓi zoben nan ne, ga alama daga ƙwayar hanji da kowa ke ɗauke da ita. Mu kuwa da kowane zazzaɓi sunansa taifot, kowa likitan kansa ne? An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Maigida, kai ma da kai nake. Ka tsaya gaban kemis ka ce "a haɗa mini na ɗari biyu", ka sha yau, gobe jiki ya saki, ragowar ta shiga aljihun babbar riga tana jiran ciwon wani. Har kaji ake zuba wa a ruwa. Ranar da ɗanka zai kwanta da ciwon huhu, mu ne za mu tsaya a kansa muna canza allura bayan allura.

A taƙaice:
- Zawo: ruwan gishiri da sukari na leda, da zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa.
- An ga jini a kashi, ko yaro ya kasa sha: asibiti a ranar.
- Mura ba ta buƙatar kafso.
- Abin da aka rubuta maka, ka sha yadda aka ce, kwanakin da aka ce. Ba a aro, ba a ajiya.

Wadda kuɗin cikakken magani ya gagare ta, ta faɗa mini a ɗakin awo, ba abin kunya ba ne, mu san yadda za a yi. Kuma idan za ku zo, ku taho da ledar maganin da aka riga aka ba yaron in gani da idona.