Kalmar "chill": amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi mini

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma duk zango sai an dawo mini da tambayoyin nan. Ga su wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Mece ce ma'anarta?

Sanyi. Shi ne asali. Hutawa da kwantar da hankali daga baya suka shigo.

Tana da alaƙa da barkonon chili?

A'a. Sunan barkonon daga harshen mutanen Aztek na Meziko ya fito. Sauti ne kawai ya zo ɗaya.

Zan iya faɗa wa malamina ko maigidana a wurin aiki?

Nan ne nake so ku tsaya, domin nan ake yin ɓarna. Wani ɗalibina da ke karatu a Ingila ya makara wajen miƙa aiki, malaminsa ya tuna masa, shi kuma ya mayar da amsa: "Chill, sir, I will send it." A zatonsa cewa ya yi "kada ka damu, ranka ya daɗe". Abin da malamin ya ji kuwa ya fi kusa da "kai dai ka cika zafin kai". Kwana biyu muna gyara wasiƙar ban haƙuri.

To amma ba zan ce haramun ba ce gaba ɗaya. Ya danganta da tsakaninku, da shekarunsa, da yanayin wurin. Akwai ofisoshi a Amurka inda shugaba da yaransa ke kiran juna da suna, wataƙila can ta wuce. Da baki, ana murmushi, takan yi sauƙi. A rubuce babu murmushin da zai rufa maka asiri. Kuma siffanta mutum da ita, a ce "he is chill", yabo ne, kamar mu ce mai sanyin hali. Umartar mutum da ita kuma wani abu ne daban, musamman wanda ransa ya riga ya ɓaci, don sau da yawa ƙara masa wuta take yi. Ni dai in ina shakka, bari nake yi. Abin da ba za ka iya faɗa wa baffanka ba, kada ka faɗa wa malaminka don kawai da Turanci ne.

Daga ina ta fito?

Tsohuwar kalma ce, tana cikin Turancin Ingila fiye da shekara 1,000, dangi ɗaya da cold da cool. Ma'anar hutawa kuwa sabuwa ce: baƙaƙen fatar Amurka ne suka yi amfani da ita haka a shekarun 1970, waƙoƙin hip-hop na New York suka kai ta duniya. Kada wannan ya ba ku mamaki. Mu ma muna cewa zuciya ta yi sanyi, muna cewa a sanyaya masa rai.

Likita ya tambaye ni ko ina da "chills". Hutu yake nufi?

Haba! Makyarkyatar sanyi yake nufi, irin ta zazzaɓin cizon sauro, wadda za ka lulluɓa da bargo tsakar rana haƙora na haɗuwa. Ka ba shi amsa daidai. Haka "chilling story" labari ne mai tayar da tsigar jiki.

Chillax kalma ce ta gaske?

E. Haɗin chill da relax ce, babban ƙamusun Oxford ya shigar da ita a 2019. Ban da ita a jarrabawa.

An turo mini "Netflix and chill". Kallon fim ne?

Ƙanwata, Netflix dai manhajar kallon fina-finai ce, amma wannan ba kallo ba ne. Tun wajen 2015 maganar ta zama gayyatar keɓewa tsakanin namiji da mace. In kin taɓa rubuta ta ba ki sani ba, kwantar da hankalinki, da yawa sun yi wannan kuskuren. Ki goge, kada ki sake.